Kundin Gyaran Taurarin Labarina

8 ga Janairu

A daren jiya na karɓi ra'ayin mutum na uku daga cikin waɗanda na ba daftarin farko na littafin labarin da nake rubutawa, kuma tun da abin da suka faɗa ya zo kusan ɗaya, na yanke shawarar buɗe wannan kundi domin in riƙa rubuta abin da na gyara da dalilin gyaran. Daftarin yana da babi 24 da kalmomi kimanin 68,000. Labari ne na wata mata mai suna Hajara, 'yar shekara 41, wadda ta koma gidan mahaifinta bayan gigin tsufa ya kama shi, ta tarar yayanta Lawal, wanda ya daɗe yana riƙe da dukiyar tsohon, ya taɓa wani kaso daga ciki ba tare da sanin kowa ba.

Babu wanda ya yi ƙorafi a kan jigo ko zubin labarin. Taurarin ne ba su gamsar ba. Tsohon malamina, wanda ba ya yawan magana, ya mayar mini da takardun ya ce: "Na karanta har ƙarshe, amma ban yarda akwai wata mata mai suna Hajara ba. Kai ne kawai na ji kana yabon ta." Na ce masa, "Malam, ai na san ta ciki da waje." Ya ce to sanin bai sauko kan takarda ba.

13 ga Janairu

Na ɗauko takardun da na cika kafin in fara rubutu, waɗanda na zuba bayanin kowane tauraro a ciki: tsayinsa, shekarunsa, iliminsa, launin da ya fi so, abin da yake tsoro. Na Hajara kaɗai shafi biyar ne. Da na karanta su yau sai na ga cewa duk abin da ke ciki zai iya canzawa ba tare da layi ɗaya na labarin ya motsa ba. In ta zama doguwa ko gajera, in tana son shuɗi ko kore, babi na bakwai zai kasance yadda yake.

Daga nan na bincika kalmar "haƙuri" a cikin daftarin da kwamfuta, na same ta sau 31 a jikin sunan Hajara, kuma a mafi yawan wuraren ni ne mai ba da labari nake shaida wa mai karatu cewa tana da haƙuri. Aristotal, masanin falsafa na Girka, tun a ƙarni na huɗu kafin haihuwar Annabi Isa, ya bayyana a nazarinsa na wasan kwaikwayo cewa hali yana fitowa ne daga zaɓin da mutum ya yi, wato abin da ya ɗauka da abin da ya guje wa a lokacin da hanya ba ta fito fili ba. Da wannan ma'auni na bi babi 24 ɗin ɗaya bayan ɗaya ina lissafa wuraren da Hajara ta zaɓi wani abu da kanta. Huɗu kacal na samu, kuma babu ɗaya daga cikinsu da ya sa ta yi asarar komai. Sauran wuraren duka abubuwa ne suke faruwa da ita tana jurewa.

22 ga Janairu

Wannan makon na koma ga rabon da manazarta adabi suke yi tsakanin miƙaƙƙen tauraro da tauraro mai gammo. Asalin rabon daga marubucin Ingila E. M. Forster ne, a laccocin da ya gabatar a jami'ar Kambirij a 1927. Miƙaƙƙen tauraro an gina shi a kan hali guda, ana iya taƙaita shi da jimla ɗaya, kuma yadda ya shigo labari haka zai fita. Mai gammo kuwa, gwajinsa shi ne ya iya ba mai karatu mamaki ta hanyar da za ta gamsar. Idan bai taɓa ba da mamaki ba, miƙaƙƙe ne. Idan ya ba da mamaki amma bai gamsar ba, miƙaƙƙe ne da yake kwaikwayon mai gammo.

Abin da na manta shi ne cewa miƙewar ba aibi ba ce a karan kanta. Gizo na tatsuniya miƙaƙƙe ne, kullum wayo da haɗama, kuma ba wanda ya taɓa neman ya tuba ko ya yi nadama, domin daɗin tatsuniyar yana cikin sanin da muka yi masa. Matsalata ita ce na ɗora nauyin littafi mai babi 24 a kan mutum biyu da kowannensu jimla ɗaya ce: ita mai haƙuri, shi maci amana. Na yanke cewa uku ne za su sami gammo, wato Hajara da Lawal da mahaifinsu. Direban gidan da maƙwabciya da ma'aikaciyar jinya za su zauna a miƙe, sai dai kowannensu ya sami abu guda da yake so wanda bai shafi Hajara ba, don kada su zama kamar an ajiye su ne suna jiran ta shigo ɗaki.

2 ga Fabrairu

Kwana goma na ɓata. Na ce tun da an ce ta cika kirki, bari in ba ta aibi, sai na sa mata saurin fushi, na shiga babi shida ina cusa mata tsawa da buga ƙofa. Da na karanta sai ya zama kamar faci a jikin sabuwar riga: ana ganin ɗinkin daga nesa, kuma fushin bai canza komai a labarin ba, domin bayan kowace tsawa abubuwa suna ci gaba yadda suke. Na goge duka na koma kwafin da na ajiye.

11 ga Fabrairu

Yau na gane inda cutar take, kuma ba ta yi mini daɗin ganewa ba. Tambayar da ban taɓa yi wa Hajara ba ita ce: ina take a shekaru taran da Lawal ya yi yana jinyar mahaifinsu shi kaɗai? A daftarin na ce aiki ne ya riƙe ta a nesa, na wuce a layi biyu. Na wuce da sauri ne saboda ba na son a tuhume ta, kuma ba na son a tuhume ta ne saboda na ɗebi abubuwa da yawa daga raina na zuba mata. Ashe tun daga shafi na farko aikin lauya nake yi mata, ina toshe duk ƙofar da zargi zai shigo.

Da na bar tambayar ta tsaya sai amsar ta zo da kanta, kuma ta fito ne daga cikin halin da na riga na ba ta. Hajara mai haƙuri ce da gaske, amma tana lissafi. Duk alherin da ta yi tana rubuta shi a zuci, duk abin da ta jure tana ajiye shi, kuma tana jiran ranar da za a zauna a karanta lissafin a gaban kowa. Ta san ta yi nisa da gida a lokacin da aka fi bukatarta, kuma wannan sanin yana cin ta, shi ya sa da ta gano abin da yayanta ya yi, abin da ya fara zuwa mata a rai ba baƙin ciki ba ne, wani sauƙi ne da ita kanta za ta ji kunyar ambata: yanzu akwai wanda ya fi ta laifi.

Na sake rubuta babi na bakwai a kan wannan. A da, tana samun littafin lissafin kuɗin a cikin akwatin mahaifinta, ta yi kuka, ta je wurin Lawal a daren ta tambaye shi cikin ladabi. Yanzu tana samun littafin, ta karanta shi sau biyu, ta mayar da shi daidai yadda ta same shi, sannan da safe ta gaishe da yayanta da fara'ar da ta fi ta kullum. Za ta riƙe sirrin har mako uku tana jiran ranar da dangi za su taru. Ban rubuta kalma ɗaya da ke bayyana dalilinta ba. Na bar hannunta yana gyara bakin mayafin da aka naɗe littafin da shi, don kada a gane an taɓa.

Wannan ne karo na farko da na ji tsoronta kaɗan, kuma karo na farko da na zauna rubutu ban san ainihin abin da za ta ce a shafi na gaba ba.

20 ga Fabrairu

Lawal ne aikin wannan makon. A daftarin farko yana shigowa ne kawai don ya yi ƙarya ko ya ɗaure fuska. Masana halayyar ɗan Adam suna da wani kuskuren tunani da Lee Ross ya raɗa wa suna a 1977: mukan danganta abin da wani ya aikata ga halinsa, mu raina tasirin yanayin da yake ciki. Idan kuma aikin namu ne, nan da nan mukan tuna da yanayin. Hausawa sun riga sun taƙaita shi da cewa laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Haka na yi wa Lawal: na ba Hajara yanayi, shi kuma na ba shi hali kawai.

Don in gyara, na rubuta shafi tara da bakinsa, yana ba da labarin shekaru taran nan kamar yana gaya wa aboki. Ba za su shiga littafin ba. A cikinsu na gano cewa bai taɓa kiran abin da ya yi sata ba, ko a zuciyarsa. Rance yake ce masa, kuma shi ya sa ya rubuta kowane abu a littafin lissafi da kwanan wata, abin da ɓarawo ba zai yi ba. Na gano ya bar wani aiki da aka ba shi a nesa saboda babu wanda zai kwana da tsohon. Na gano kuma cewa abin da ya fi ƙona masa rai shi ne mahaifin, a cikin gigin nasa, sunan Hajara yake kira idan ya farka da dare, alhali Lawal ne yake tsaye a kansa.

Wannan bai wanke shi ba, kuma ba na son ya wanke shi. Anton Chekhov, marubucin Rasha wanda likita ne kuma, ya amsa wa mawallafinsa a wata wasiƙa ta 1890, lokacin da aka zarge shi da rashin la'antar ɓarayin dawakin da ya rubuta labarinsu, cewa yanke hukunci aikin masu shari'a ne, nasa aikin shi ne ya nuna irin mutanen da suke. Daga shafi taran nan abu uku kawai na ɗauka zuwa littafin: kwanan watan da ke gefen kowane lissafi, wasiƙar aikin da ya ajiye bai amsa ba, da daren da tsohon ya kira shi da sunan ƙanwarsa ya amsa.

1 ga Maris

Na yi wani gwaji a kan maganganun taurari. Na ɗauki shafi goma na hira, na rufe sunayen masu magana, na ba wata abokiyar rubutu ta faɗi wanda ya yi kowace magana. Ta kasa rarrabe fiye da rabi, domin kowa yana magana da bakina: jimloli cikakku, masu tsari, kowa yana faɗin ainihin abin da ke ransa a lokacin da ya dace.

Mutane ba haka suke ba, musamman 'yan gida ɗaya da suka san raunin juna. Na tsara wa kowannensu hanyar kauce wa magana, domin na lura cewa yadda mutum yake gudun zance ya fi bayyana shi a kan yadda yake yin sa. Lawal yana amsa tambaya da bayanin aiki: a tambaye shi yadda yake ji, ya ce an canza wa Baba magani. Hajara tana sa zargi a cikin rigar tambaya, irin "Yaya, ashe kai ne ka sa hannu a takardar nan?" alhali ta san amsar. Mahaifin kuwa, da yake kalmomi suna kuɓuce masa, yana kewaya abu har ya kama sunansa ko ya haƙura.

Na karanta babi na goma sha ɗaya da ƙarfi a ɗaki ni kaɗai. Duk inda harshena ya yi tuntuɓe ko numfashina ya yanke kafin ƙarshen magana, na sa alama. Na cire kusan kashi ɗaya cikin uku na hirar, kuma mafi yawan abin da ya fita shi ne wuraren da tauraro yake gaya wa ɗan'uwansa abin da su biyun suka riga suka sani don kawai mai karatu ya ji.

10 ga Maris

Mahaifin ya ba ni wahala ta wata fuskar. Na koma na karanta bayanan likitoci a kan ciwon gigin tsufa, na kuma zauna da wata mata da ta yi jinyar mahaifiyarta shekaru, ta yi mini alherin ba ni labari. Abubuwa biyu sun tabbata: abin da ya faru kwanan nan shi ne yake fara gushewa, na ƙuruciya ya fi daɗewa, sannan ruɗewar takan tsananta wa da yawa daga cikin masu ciwon idan yamma ta yi. A daftarina kuwa tsohon yana mantuwa ne idan ina bukatar ya manta, ya kuma dawo hayyacinsa sarai a babi na ashirin don ya faɗi maganar da za ta warware rikicin. Na mayar da ciwon bawan labari, kuma duk wanda ya taɓa jinya zai gane haka tun daga nesa.

Na cire wannan jawabi gaba ɗaya. Yanzu a babi na ashirin yana zaune tsakanin 'ya'yansa biyu suna jayayya a kan dukiyarsa, shi kuma yana tambayar ko an rufe ƙofar makarantar da ya koyar a cikinta shekaru arba'in da suka wuce. Matar ta kuma gaya mini wani abu da ban samu a takarda ba: cewa mahaifiyarta ta manta sunayen 'ya'yanta amma ba ta daina gyara wa baƙo wurin zama ba. Na ba tsohon irin wannan saura. Ya kasance mai tsananin kiyaye lokaci, don haka har yanzu yana duba agogon hannunsa, ko da yake ba ya iya karanta shi.

21 ga Maris

Gyaran babi na bakwai ya haifar da ɓaraka a babi na goma sha tara. Hajara ta farko, mai haƙuri zalla, ta yafe wa yayanta a shafi ɗaya, kuma hakan ya dace da ita. Hajara ta yanzu, wadda ta riƙe sirri mako uku tana wasa wuƙa, ba za ta yafe haka ba. Ana cewa hali zanen dutse, kuma mai karatu ya yarda da wannan magana ko da bai taɓa jin ta ba: yana lura da abin da tauraro ya saba yi, ya gina tsammani a kai, kuma idan aka karya tsammanin ba tare da dalili ba sai ya ji an yaudare shi. Aristotal ya yi sharaɗin cewa ko da tauraron mutum ne marar tsayayyen hali, to rashin tsayuwar tasa ta kasance mai ɗorewa a tsari guda.

Duk da haka ina son ta sauya, domin in ba ta sauya ba littafin ba shi da inda ya dosa. Hanyar da na bi ita ce komawa baya in shuka abin da zai tsiro a gaba. A babi na uku na ƙara wani ɗan wuri inda ta tarar da Lawal ya yi barci a zaune a bakin gadon tsohon, ta ɗauko bargo za ta lulluɓa masa, sai ta fasa ta mayar. A babi na goma sha biyu ta karanta wasiƙar aikin nan, ba ta ce komai ba. A ranar taron dangi kuma, da littafin lissafin a cikin jakarta, aka ba ta dama ta yi magana, sai ta yi zancen kuɗin magani kawai. Ba yafiya ba ce. Ta dai kasa, kuma ta ji haushin kanta da ta kasa. Yafiyar, in za ta zo, na tura ta bayan ƙarshen littafin inda ba zan rubuta ta ba.

Na yi kwana biyu ina shakkar ko wurin bargon ya yi yawa, ko yana nuna hannun marubuci a fili. Na bar shi, amma na rage shi zuwa jimla uku.

5 ga Afrilu

Na mayar wa masu karatun nan uku da sabon daftarin makonni biyu da suka wuce, yanzu kalmominsa sun sauko zuwa kimanin 61,000. Biyu daga cikinsu sun haɗu a wurina jiya, kuma kafin in tambaye su komai sai gardama ta kaure a tsakaninsu. Ɗaya tana ganin Hajara muguwa ce mai fuska biyu, ɗayan yana ganin ita ce kaɗai ta nemi gaskiya a gidan, kuma kowannensu yana kawo hujja daga shafukan da na rubuta. Ɗayar har ta ce ta san abin da Hajara za ta yi bayan rasuwar tsohon, ta faɗi wani abu da ban taɓa tunaninsa ba amma na kasa musantawa. Na yi shiru ina rubuta abin da suke faɗa.

Malam ya aiko da nasa a rubuce, layi huɗu. Ya ce yanzu ya yarda da 'yan'uwan biyu, amma ma'aikaciyar jinyar har yanzu bakina ce, tana shigowa ne duk lokacin da nake son a yi wa mai karatu bayanin ciwo. Ya kuma ce matar Lawal, wadda aka ambata sau shida, ba ta taɓa buɗe baki ba, alhali a gidanta aka yi jinyar shekara tara. Na duba na ga haka ne, kuma ban san yadda aka yi na tsallake ta ba. Gobe zan fara da ita: zan rubuta shafuka da bakinta kamar yadda na yi wa mijinta, sannan in duba babi na biyar da na goma sha huɗu in ga inda za ta tsaya.